Kare Yara A Intanet: Kada A Fake Da Guzuma A Harbi Karsana

Duk wanda yake zama a majalisun unguwanninmu na Madina da Nima da Mamobi, ko yake sauraron huɗubar limamanmu ranar Juma'a, ya san cewa babu maganar da ta fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan kamar maganar wayar salula da abin da yara suke gani a cikinta. Saboda haka duk lokacin da labari ya zo cewa wata ƙasa ta kafa dokar hana yara shiga intanet, sai ka ji dattawa suna cewa, "Madalla, ina ma gwamnatinmu za ta yi koyi." Ni ma ina cikin masu son a kare yara. To amma ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, domin kuwa doka ba a auna ta da sunan da aka raɗa mata, da abin da ke cikinta ake auna ta, da kuma hannun da zai riƙe ta gobe. Mu al'ummar zango mun fi kowa dalilin yin taka-tsantsan da duk wata doka da za ta buɗe wa hukuma ƙofar leƙa wayoyin jama'a, ko ta ce sai ka nuna takarda kafin ka yi magana.

Babu mai musun cewa ɓarnar tana nan. A shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka cika Nima da Mamobi, har kalmar "sakawa" ta fito daga bakinmu na Hausa ta zama sunan damfarar intanet a duk faɗin Ghana, uba yana iya zuwa shagon ya kamo ɗansa a kunne ya dawo da shi gida. Yau shagon ya koma cikin aljihun yaro, yana kwana da shi a ƙarƙashin matashin kai. Akwai hotunan batsa, akwai cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin makarantar samari, akwai kuma mugayen manya da ke shiga da sunan yara, su yaudari yarinya ta aika musu hoton jikinta, daga nan su riƙa yi mata barazanar watsawa sai ta tura kuɗi ta MoMo. Wanda ya ce a bar wannan haka, bai san zafin haihuwa ba.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, Ghana ba ta rasa doka a kan wannan ba. Ƙasar nan ce ta farko a duniya da ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990. Muna da Dokar Yara ta 1998, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sannan a ƙarshen 2020 aka kafa Dokar Tsaron Intanet mai lamba 1038, wadda ta haifi Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, wato CSA. Daga sashe na 62 zuwa na 68 dokar ta haramta ɗauka ko ajiye ko watsa hoton tsiraicin yaro, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai yaudarar yaro ta intanet da nufin lalata, da ɗaurin shekara 10 zuwa 25 ga mai yin barazana da hoton tsiraici don ya karɓi kuɗi ko ya biya wata buƙata. Kuma dokar tana da haƙora, domin a 2022 kotun Adenta, maƙwabciyarmu, ta yanke wa wani mai gyaran waya hukuncin shekara 14 saboda ya kwashi hotunan sirri na wata mata daga wayar da ta kawo masa gyara ya nemi ta biya shi kuɗi. Waɗannan sassa ba ni da ja da su ko kaɗan, hasali ma kukana shi ne ba a aiki da su yadda ya kamata.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗaya ɓangaren dokar, wanda ba a faɗa mana a tarukan wayar da kai. Dokar ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan mai layi na aƙalla shekara 6, su kuma ajiye bayanan wanda ya kira wane da lokacin da ya kira na wata 12. Ta bai wa jami'an bincike damar zuwa Babbar Kotu su nemi izinin tatsar saƙonnin mutum ba tare da shi yana wurin ba. Sashe na 87 kuma ya ba da damar toshe ko sauke abin da aka sa a intanet, inda aka jera dalilin kare yara kafaɗa da kafaɗa da tsaron ƙasa da kiyaye zaman lafiya. Abin da ya rage mana na garkuwa a duk wannan shi ne sharaɗin cewa sai da umarnin kotu. Shi ya sa hankalin mutane ya tashi a ƙarshen 2025, lokacin da aka fitar da daftarin yi wa dokar gyara a ƙarƙashin ministan sadarwa Samuel Nartey George, aka ga yana neman bai wa jami'an CSA ikon kamu da bincike da ƙwace kaya irin na 'yan sanda. Lauyoyi da 'yan jarida da 'yan adawa suka yi ca, kuma suna da hujja.

Wani zai ce wannan zargi ne kawai da munana zato ga shugabanni. To bari mu duba abin da ya riga ya faru a ƙasar nan, a ƙarƙashin manyan jam'iyyun biyu, don kada a ce siyasa nake yi. A 2016, zamanin NDC, an kai wa majalisa ƙudurin dokar tatsar wasiƙu da saƙonnin waya, wanda jama'a suka laƙaba wa suna dokar leƙen asiri, sai da aka yi ta kururuwa kafin aka janye shi. A shekarar dai, Sufeto-Janar na 'yan sanda John Kudalor ya fito ya ce ana duba yiwuwar rufe dandalin sada zumunta ranar zaɓe. A watan Mayun 2020 Babbar Kotu a Ankara ta ɗaure wasu tsofaffin manyan jami'ai uku kan asarar dala miliyan 4 wajen sayen na'urar leƙen wayoyi daga kamfanin NSO na Isra'ila. A watan Maris na 2020 kuma, zamanin NPP, aka fake da annobar korona aka fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 63, wanda ya tilasta wa kamfanonin waya miƙa bayanan masu layi, har bayanan hada-hadar kuɗin waya. Sai da wani lauya, Francis Kwarteng Arthur, ya kai ƙara, kotu ta yanke a 2021 cewa an keta haƙƙin sirrin da sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa, ta kuma ce a goge bayanan. Haka nan mun yi murna a 2001 da gwamnatin Kufuor ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna, amma sai ga sashe na 208 na Dokar Laifuka ta 1960, mai magana kan yaɗa labarin ƙarya, ya maye gurbinta. An kama 'yan jarida da masu sharhi da shi a 2022, gwamnati ta sauya a 2025, kamun bai tsaya ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma dole ya gudu.

Mu leƙa maƙwabta, inda 'yan uwanmu Hausawa suke. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 tana da sashe mai kyau na hukunta masu hotunan batsa na yara, amma sashen da ya yi suna shi ne na 24, wanda gwamnoni da masu hannu da shuni suka mayar bulalar dukan 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. A Nijar, dokar 2019 ce aka yi amfani da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yamai a watan Yunin 2020 saboda rubutun da ta yi a Facebook kan badaƙalar sayen makamai. A Kano kuwa, bayan fitar wani bidiyon sirri a 2007, an ƙara wa Hukumar Tace Fina-finai ƙarfi da sunan kare tarbiyyar yara, aka dakatar da shirya fim na watanni, kafin a ankara an ɗaure Adam A. Zango, a ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama, mutumin da ya tsaya takarar gwamna a 2007. Idan aka tsallaka teku, misalin Rasha ya isa wa'azi. A 2012 ta kafa kundin shafukan da za a toshe, aka ce don kare yara ne daga batsa da ƙwaya da kashe kai. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Maris na 2014, da wannan na'urar aka toshe shafukan 'yan adawa, ciki har da na Garry Kasparov, ba tare da zuwa kotu ba. Ƙofar da aka buɗe don yaro, daga baya ɗan siyasa ne ke shige da fice ta cikinta.

Yanzu sai sabon yayin da ake ta yabawa, wato tantance shekaru. Ingila ta kafa dokarta a 2023, kuma daga 25 ga Yulin 2025 aka wajabta wa shafuka da dama su tabbatar mai shiga ya kai shekara 18, ta hanyar hoton fuska ko katin shaida ko katin banki, kamfanin da ya ƙi kuwa tararsa tana iya kai fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. Me ya biyo baya? Cikin 'yan kwanaki manhajojin VPN, waɗanda ke sa waya ta zama kamar a wata ƙasa take, suka zama abin da aka fi saukewa a Ingila. Kamfanoni kuma, don tsoron tara, suka riƙa rufe har abin da ba batsa ba, domin binciken BBC ya gano an ɓoye wasu rahotannin yaƙin Gaza da na Yukiren, har da wani jawabi da aka yi a zauren majalisar ƙasar, sai wanda ya tabbatar da shekarunsa zai gani. A watan Oktoban 2025 kamfanin Discord ya sanar cewa ɓarayin intanet sun kai ga hotunan katin shaida na mutane kimanin 70,000. Ostireliya ta wuce nan, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta daga 10 ga Disamban 2025. Abin lura a nan shi ne, babu yadda za a yi a gane wane ne yaro sai an binciki kowa, wato don a tare yaro ɗaya a bakin ƙofa, dole limami da ɗan kasuwa da kakar yaron su ma su fito da takarda.

Idan aka kwaso irin wannan doka aka kawo Ghana, wace takarda za a nema? Katin ɗan ƙasa ne, wato Ghana Card. Kuma wa ya fi shan wuya a kan wannan kati? Kowa a zango ya san amsa. Mun ga yadda mutumin da aka haife shi a Nima, aka haifi ubansa a Sabon Zango, yake tsayawa a layi, da an ji sunansa Garba ko Jallo sai a fara tambayarsa garin kakansa. Mun ji Kotun Ƙoli a 2020 tana cewa takardar haihuwa ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Mun ga wahalar sake rajistar layukan waya daga Oktoban 2021 zuwa Mayun 2023, inda aka yanke layukan waɗanda ba su samu katin ba, wasu da kuɗinsu a ciki. Dattawanmu kuwa ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su nemo takardar zama ko su bar ƙasa, aka kwashi dubban mutanen zango a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin wata ƙasa ba sai wannan. Al'ummar da ke da irin wannan tabo bai kamata ta zama ta farko wajen tafa wa dokar "nuna katinka" ba. Ranar da aka ɗaura shiga intanet a wuyan wannan kati, mai sayar da atamfa a kasuwar Madina da ke tallata hajarta a WhatsApp da TikTok, da 'yar dako da ta zo daga arewa tana kiran gida, da ɗalibin da ke sauraron karatun malamai a YouTube, su ne za a bari a waje.

Ƙari a kan haka, dokar ba za ta ma kama yaron da ake nema ba. A gidajenmu na haya, inda iyalai goma ke tsakar gida ɗaya, waya ɗaya tana yawo hannu biyar. Layin da ke wayar yaro da katin uwarsa ko na yayansa aka yi masa rajista, kuma shi ne ma yake saita wa uwar wayarta. Yaron da ya iya cire kulle a wayar da aka sayo a Circle, tantance shekaru ba za ta tsayar da shi ba, sai dai ta kora shi zuwa lungunan intanet da ba su bin dokar kowa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Na san akwai masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron bincike. Wannan magana ba ta yi daidai da al'adarmu ba, balle addininmu. Ba don muna aikata laifi muke sa labule a ƙofar ɗaki ba, ba don haka ake yin sallama kafin a shiga gida ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tona asirin Musulmi babban laifi ne. Matar da ke neman bayani kan wata cutar mata, da magidancin da bashi ya yi wa katutu, da matashin da ya ga ana cin hanci a ofis yana son ya fallasa ba tare da an kore shi ba, duk suna da abin ɓoyewa kuma ba masu laifi ba ne. Akwai kuma masu kafa hujja da cewa Kotun Ƙolin Amurka ta amince da dokar tantance shekaru ta jihar Texas a watan Yunin 2025. Gaskiya ne, amma dokar ta taƙaita ne ga shafukan batsa, kuma wannan kotun ce ta yi watsi da dokar 1996 a shekarar 1997 saboda ta yi faɗi har ta shafi maganar manya. Su can an shafe kusan shekara talatin ana fafatawa a kotu a kan iyakar abin. Mu nan wa zai ɗauki nauyin lauya don mai shayin Zongo Junction idan aka rufe masa shafi bisa kuskure?

To mene ne mafita? Na farko, sharaɗin umarnin kotu ya zauna daram, kada a bai wa wata hukuma ikon zama ita ce mai ƙara, ita ce mai kamu, ita ce mai toshewa. Na biyu, a raba maganar yara da maganar tsaron ƙasa da labarin ƙarya, kowace ta zo majalisa da ƙafarta a tattauna ta a fili, don kada a cusa mana ɗaci a cikin zuma. Na uku, a wajabta wa CSA ta riƙa bayyana wa majalisa duk shekara adadin shafukan da aka toshe da adadin izinin tatsar waya da aka nema, a kuma ƙarfafa Hukumar Kare Bayanai da dokar 2012 ta kafa, ta samu kuɗi da ma'aikatan da za ta iya tuhumar gwamnati kanta. Na huɗu, nauyin ya hau kan kamfanonin da ke cin riba da yaranmu, a tilasta musu rufe hanyar da baƙo zai aika wa yaro saƙo kai tsaye, su daina cusa wa yara tallar caca, su kuma ɗauki ma'aikata masu jin Hausa da Dagbani da Twi da za su duba ƙorafi. Na biyar, a yi aiki da dokokin da ke ƙasa. Dokar caca ta 2006 ta hana ɗan ƙasa da shekara 18 yin caca, amma duk wanda ya zaga unguwanninmu da yamma ya san su wa ke cika shagunan. Lambar 292 da CSA ta ware don kai ƙara, iyaye nawa ne a zango suka san da ita, kuma in sun kira, za su samu mai jin harshensu? Sashen 'yan sanda na DOVVSU yana buƙatar motoci da ƙwararru fiye da yadda ƙasa ke buƙatar sabuwar doka. Ina kira ga ɗan majalisarmu na Madina, Francis-Xavier Sosu, wanda lauya ne da ya yi suna kan kare haƙƙin ɗan Adam, da takwarorinsa na Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, su karanta duk wani ƙudurin da ya shafi intanet layi-layi, su kuma dawo gida su fassara mana shi kafin su ɗaga hannu.

Sauran aikin namu ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu gwamnatin da za ta shiga ɗakin kwanan ɗanka ƙarfe ɗayan dare. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Kada a saya wa ɗan shekara goma babbar waya don gasa da maƙwabta. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su sa wannan darasi cikin karatun Asabar da Lahadi, Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya ɗauki nauyin koya wa iyaye mata yadda ake saita kullen yara a waya, ofishin Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ja gaba. Abu mafi muhimmanci kuma, mu daina sa yaranmu su fi tsoronmu a kan azzalumin da ke cutar da su. Babban makamin mai barazana da hoto shi ne sanin cewa yarinyar ta gwammace ta mutu da ta faɗa wa mahaifinta. Ranar da 'yarka ta tabbata cewa in ta zo da kuka za ka rufa mata asiri ka raka ta wurin hukuma maimakon ka ɗauko bulala ko ka yi mata auren dole, ranar ka karya lagon wannan mugu fiye da duk wata doka.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kare mana yara, a ɗaure masu lalata su ɗauri mai tsanani, amma a bar mana labulen ƙofarmu da bakin da za mu faɗa wa shugabanni gaskiya, domin waɗannan yaran su ne za su girma su gaji dokar da muka yarda aka kafa yau. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma zaunar da ƙasarmu Ghana lafiya, amin.